Buɗe Littafin Hukuma: Ina Rabon Gwarzo da Kabo?

(Jawabin da aka karanta a zaman ɗalibai 'yan asalin Gwarzo da Kabo, tare da yayyensu sababbin ma'aikatan gwamnati.)



Malam Shugaban wannan zama, malamanmu da suka daure suka halarta, yayyenmu ma'aikatan gwamnati, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma neman gafararku tun da wuri, domin batun da aka ɗora mana ya girmi shekarunmu, ya kuma fi ƙarfin ɗan karatun da muka yi. Abin da ya ba mu ƙarfin halin tsayawa a gabanku shi ne maganar nan ta magabata, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa 'yan ɗakin ne.

Batun shi ne bayanan hukuma a wannan zamani na kwamfuta da wayar hannu: wa ke riƙe da su, wa ke iya ganinsu, kuma me buɗe su ya ƙara wa mutumin Getso ko na Garo. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo yake. Wanda ya fito daga ƙofarsa ya miƙe yamma, kafin ya yi tafiyar kilomita 70 ya ratsa ƙasar Kabo ya shiga ta Gwarzo. Muna so mu nuna cewa bayanan da aka ce an buɗe suna isowa har ƙofar jami'a, amma ba safai suke ƙarasa wannan 'yar tafiya ba, kuma ƙarasa da su aikinmu ne, mu da ku.

Hukuma ta daɗe da saninmu

Kafin mu kai ga intanet, bari mu ɗan koma baya. Duk wanda ya zauna da kakansa ya sha labarin haraji da jangali. Tun kafin Yaƙin Duniya na Farko Turawan mulki suka kafa baitulmali a masarautun Arewa, aka sa malamai suna bin gunduma gunduma suna rubuta sunan kowane baligi da yawan shanun kowane makiyayi. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika birni. Ko mutum ya tsere daga garinsu saboda tsoron haraji, sunansa na nan a littafi yana jiran sa. Amma kakanninmu ba su ba mu labarin ranar da aka aiko mai shela ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce, "Jama'a, ga abin da En'e ta tara bana, ga kuma abin da ta yi da shi" ba. Wannan danniya tana cikin abubuwan da Malam Aminu Kano da jama'arsa na NEPU suka tashi a kai tun 1950, har aka zo 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Haraji ya tafi, amma rubuta talaka bai tafi ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Gwarzo sun haura 180,000, na Kabo kuma sun haura 150,000. Daga 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN, aka ɗauki hoton yatsunsu da na fuskarsu. A ƙarshen 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, har tsofaffi suka riƙa yini a layi cikin rana don kada a toshe musu waya. Katin zaɓe ma haka. Ashe ke nan abin da malamin haraji yake yi da alƙalami da tawada, shi na'ura take yi yau cikin ƙiftawar ido, kuma ta fi shi ƙwarewa nesa ba kusa ba. Bayani yana ta hawa sama daga wurinmu zuwa wurin hukuma. Tambayarmu ita ce, yaushe zai fara saukowa?

Mene ne buɗaɗɗen bayani?

Idan aka ce buɗaɗɗen bayani ana nufin alƙaluma da takardun da hukuma ta tara da kuɗin jama'a, kamar kasafin kuɗi, da jerin kwangiloli, da yawan makarantu da malamansu, da sakamakon zaɓe, a ajiye su inda kowa zai iya ɗauka ba tare da ya nemi alfarma ko ya san wani ba. Kuma a ajiye su a siffar da kwamfuta za ta iya tarawa da debewa, domin akwai bambanci mai girma tsakanin jadawalin da za ka nemi sunan garinku a ciki ka same shi nan take, da hoton takarda mai ɗaruruwan shafuka wanda sai ka bi shi layi layi har idonka ya yi ja. Sa'an nan wanda ya ɗauka yana da izinin ya kwafa, ya fassara, ya rarraba wa wanda ya so. Ba a shigar da sirrin mutum a ciki, kamar takardar asibitinsa, haka kuma abin da ya shafi tsaron ƙasa na haƙiƙa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, ko da yake sunan baƙo ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani Mai Girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In har bashin da ke tsakanin mutum biyu yana bukatar rubutu da shaida, ina ga dukiyar mutum dubu ɗari da ke hannun mutum goma? Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tabbatar da cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun nata. Wanda aka ba ajiya kuwa ba ya fushi don mai kaya ya ce a nuna masa kayansa.

Abin da aka riga aka buɗe

Adalci ne mu faɗi abin da aka yi kafin mu faɗi abin da ya rage. A 2004 Ministar Kuɗi ta lokacin, Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga wa jama'a a jaridu kason da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata daga Asusun Tarayya. Kafin wannan, shugaban ƙaramar hukuma yana iya cewa ba a turo kome ba, kuma ba mai hanyar ƙaryata shi. A ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan an shafe fiye da shekara goma ana kai ruwa rana a kanta. A 2013 Jihar Edo ta buɗe shafinta na buɗaɗɗun bayanai, ita ce jiha ta farko da ta yi haka a ƙasar nan. A 2016 Nijeriya ta shiga ƙawancen ƙasashen da suka yi alkawarin tafiyar da mulki a buɗe, wanda aka kafa a 2011, daga baya jihohi da dama suka bi sahu, har da Kaduna da Kano. A 2018 aka fara wani shiri da Bankin Duniya na dala miliyan 750, wanda a cikinsa jiha ba ta samun tukuici sai ta cika sharuɗɗa, ciki har da buga kasafin kuɗinta da rahoton mai binciken kuɗi a intanet a kan lokaci. A Disambar 2019 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafin baitulmalinta, ta umarci ma'aikatunta su riƙa bayyana duk kuɗin da suka biya wanda ya haura naira miliyan 5.

Ba hukuma kaɗai ta motsa ba. A 2011 wasu matasa a Legas suka kafa BudgIT, suna ɗaukar kasafin kuɗi mai wuyar fahimta suna mayar da shi zane da taƙaitaccen bayani, a 2014 kuma suka ƙara da Tracka don bin sawun ayyukan mazaɓu. A nan Kano akwai CITAD, wadda ta daɗe tana koyar da matasa amfani da na'ura wajen neman haƙƙinsu. Hukumar ICPC ma tun 2019 take bin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka saba ware wa naira biliyan 100 a shekara. Duk waɗannan abin yabo ne, kuma wanda ya ce ba a yi kome ba bai yi gaskiya ba.

Shin buɗewa tana hana ɓarna?

Wani zai ce, to, an buga, sai me? Ɓarawo ya daina sata don an kunna fitila? Bari mu kawo misali biyu, ɗaya daga nesa, ɗaya daga maƙwabta.

A ƙasar Yuganda an yi bincike a kan kuɗin da gwamnati take aika wa makarantun firamare gwargwadon yawan yaransu. Aka tarar tsakanin 1991 da 1995, a cikin kowane 100 da aka aika, kimanin 13 ne kaɗai suke isa makaranta, sauran suna narkewa a ofisoshin da ke tsakani. Sai gwamnati ta fara buga a jaridu nawa ta aika wa kowace gunduma, ta kuma umarci makarantu su liƙa a allon sanarwa nawa suka karɓa. Da aka sake dubawa a 2001, sai aka ga fiye da 80 cikin 100 suna isa. Masana sun yi ta muhawara a kan ko jaridar ce kaɗai ta jawo haka, domin an yi wasu gyare-gyare a lokacin. Amma abin lura a wurinmu shi ne inda aka kai bayanin. An kai shi jikin bangon makaranta, inda uban yaro zai gani da idonsa in ya rako ɗansa.

Misali na biyu daga Zamfara ne. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyuka, har aka rasa aƙalla 400. Garin Bagega, a Ƙaramar Hukumar Anka, ya daɗe yana jiran kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar da gwamnati ta yi alkawari, likitoci kuwa ba su iya fara magani sai an kwashe. A 2012 wasu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal, suka kafa Follow The Money, suka je garin, suka ɗauko hotuna da muryoyin mutane, suka baza a duniya, suka haɗa ƙarfi da wasu ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013. A nan ma alkawarin a rubuce yake tun da farko. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauki takardar a hannu ɗaya, ya taka ƙasa ya je ya gani, ya dawo ya ce ga abin da aka rubuta, ga abin da na tarar.

Inda hanya ta yanke

Yanzu mu dawo gida. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, ta fi kowace jiha yawa a cikin 774 na ƙasar nan. A tsarin rabon Asusun Tarayya ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Duk wanda ke da waya da ɗan haƙuri yana iya gano nawa aka rubuta wa Gwarzo da Kabo a wata, domin ana buga rahoton rabon. Wannan ƙofar shiga ce, kuma a buɗe take. To, ƙofar fita fa? Muna tambayar wannan zaure, ba don cin fuska ba: a cikinmu wa ya taɓa riƙe kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu a hannu? Wa ya san nawa aka ware wa mazaɓarsu, ko Kutama ce, ko Lakwaya, ko Gude, ko Durun? Wa ya taɓa karanta rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi? In mu da muke jami'a ba mu gani ba, ina ga manomin rani a bakin madatsar Guzuguzu?

Dalili na farko tsari ne. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya sa kuɗin ƙananan hukumomi suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, saboda haka in aka tambayi ƙaramar hukuma sai ta nuna jiha, in aka tambayi jiha sai ta nuna ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an shafe watanni bayan hukuncin ba a fara aiki da shi ba. Mutane sun yi murna, mu ma mun yi. Amma fa mu tuna, kuɗin da suka zo kai tsaye cikin duhu ba su fi waɗanda suka biyo ta Kano cikin duhu ba. In ba a buɗe littafi ba, wurin ɓatan ne kawai zai matso kusa da gida.

Dalili na biyu harshe ne. Kusan duk takardun nan da Turanci suke, kuma Turancin akantoci, wanda ko mai digiri sai ya yi da gaske. Tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin tun lokacin an gane cewa in ana so mutanen ƙasar nan su ji, sai an yi musu magana da Hausa. Abin mamaki ne a ce abin da aka gane a zamanin Abubakar Imam ya shige wa zamanin kwamfuta duhu.

Dalili na uku hali ne, kuma shi ya fi ciwo. A hutun da ya wuce wasu daga cikinmu sun ga allon aikin rijiyar burtsatse a wani ƙauye da ba za mu ambata ba. Allon yana tsaye, fentinsa ya fara ɓarewa, tanki yana sama, amma famfon bai taɓa kawo ruwa ba in ji mutanen garin, 'yan mata kuwa suna wucewa ta gabansa da tuluna zuwa rafi. Muka rubuta takarda, muka je wani ofishi muna neman sanin nawa aka biya, kuma wa ya sa hannu cewa an gama. Wanda muka tarar ya karɓe mu da fara'a, ya karanta takardar, sa'an nan ya dube mu ya ce, "Samari, wa ya aiko ku?" Muka ce ba kowa. Ya ce, "To, ku 'yan wace jam'iyya ne?" Da muka ce ba mu zo da siyasa ba, sai ya rage murya ya ce, "Ƙannena, ku yi haƙuri, wannan sirrin gwamnati ne, ni ma ina da iyali." Ba mu ga muguntar mutumin nan ba, tsoro muka gani. Kuma abin da ya fi damunmu shi ne, da muka koma ƙauyen, wani dattijo ya ce mana, "'Ya'yana, ku bar shi, ai taimako aka yi mana, in bai yi ruwa ba Allah bai nufa ba." A wurinsa rijiyar kyauta ce daga mai mulki, bai san da kuɗinsa aka haƙa ta ba. Haƙiƙa rashin sani ya fi dare duhu.

Amfanin waya da haɗarinta

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, hukuma ta sami hanyar yin magana da talaka kai tsaye, kuma ta nuna tana iyawa in ta so. A 2012, zamanin Ministan Gona Akinwumi Adesina, an riƙa aika wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi taki a farashi mai rahusa. Shirin yana da nasa matsaloli, amma manoma da yawa sun ga saƙon gwamnati da sunansu a karo na farko. A yaƙi da cutar shan inna kuma, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam aka zana taswirar ƙauyuka da rugage a jihohin Arewa, aka ba masu allura wayoyi masu nuna inda suka taka, har aka gano unguwannin da ba sa cikin tsofaffin taswirori. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a Jihar Kano a Yulin 2014 ne, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. In na'ura ta iya gano rugar da ba a yi wa allura ba, lalle tana iya nuna rijiyar da ba ta da ruwa.

Amma labarin shan inna yana da wani darasi. A 2003 an dakatar da allurar a Kano saboda jita-jita, sai a 2004 aka ci gaba. Jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Inda aka saba ɓoye wa mutane gaskiya, ranar da aka zo musu da gaskiya ma ba za su yarda ba. Yau kuwa jita-jita ta sami doki, domin saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana zaga Gwarzo kafin a idar da sallar la'asar. Maganin wannan shi ne hukuma ta riga mai ƙarya magana, da hujja, da harshen da ake ji.

Mun kuma ga yadda alkawarin na'ura ke karyewa. Hukumar zaɓe ta fara saka hoton takardar sakamakon kowace rumfa a intanet a 2020, amma a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 sakamakon bai hau a kan lokaci ba, amincewar mutane da yawa kuwa ta zube tun daga ranar. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina maƙwabciyarmu saboda matsalar tsaro. Shafin da aka buɗe yau ana iya rufe shi gobe, saboda haka abin da aka buga mu riƙa saukewa muna ajiyewa. Kuma da yake hukuma tana riƙe da yatsunmu da fuskokinmu, wajibi ne mu san da Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, domin littafin hukuma muke so a buɗe, ba asirin talaka ba.

Ga yayyenmu ma'aikata

Yayyenmu, mun san ranar da kuka kama aiki an nuna muku fayil mai tambarin sirri, an tsoratar da ku da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Muna tuna muku, cikin ladabi, abin da dokar 2011 ta tanada. Mai neman bayani ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ofishi yana da kwana 7 ya ba da amsa, in kuwa zai hana, sai ya rubuta hujjarsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki ma'aikaci ya rubuta masa. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana jawo tarar naira 500,000, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Dokar ta kuma kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, ta rinjayi dokar sirri a kan abin da ta halatta a bayar. An daɗe ana gardama ko ta shafi jihohi, har a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo.

Ba mu ce ku yi wa na gaba da ku tsaurin ido ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ku adana takardu da kyau, ku shigar da alƙaluma cikin jadawali tun daga farko, in an kawo takardar neman bayani ku sa mata hatimi da kwanan wata ku miƙa ta gaba, kada ta kwana a aljihun tebur. Buɗaɗɗen littafi garkuwa ce ga ma'aikaci mai gaskiya, domin ranar da bincike ya zo ƙaramin akawu ake fara kamawa, kuma rubutu ne kaɗai zai cece shi. Ku tuna kuma mahaifiyarku ba a sakatariya take shan ruwa ba, a ƙauye take sha.

Aikin da ya rage namu

Mu kuwa ɗalibai, gaskiya ita ce muna da laifi. Muna ƙarar da kuɗin data a kan gardamar ƙwallo da zagin juna saboda 'yan siyasa, alhali kasafin kuɗin jiha da na tarayya suna nan a intanet ba mu taɓa buɗewa ba. Gwarzo mazaɓa 10 ce, Kabo ma 10, kuma kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A cikin wannan zaure ba a rasa mutum biyu daga kowace mazaɓa ba. Ga shawararmu, in zaure ya amince.

Da zarar an sa hannu a kasafin shekara, masu karatun lissafin kuɗi da tattalin arziki a cikinmu su tsamo duk layin da ya ambaci wani gari a ƙasar Gwarzo ko Kabo. Masu karatun Hausa su mayar da shi Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya ga kowace mazaɓa, da boko da ajami, ya ƙunshi sunan aiki, da wurinsa, da kuɗinsa, da ma'aikatar da ke da alhakinsa. In hutu ya zo, 'yan kowace mazaɓa su fara kai gaisuwa wurin dagaci da liman, su nuna musu takardar, su nemi izini a liƙa ta a makaranta da bakin kasuwa. A karanta ta a murya a tura ta waya saboda waɗanda ba sa karatu, 'yan'uwanmu mata kuma su shiga da ita gidaje da makarantun Islamiyya, domin su ne za su kai ta inda mu ba ma shiga, kuma matan ne suka fi kowa sanin ranar da asibiti ba magani. Bayan wata shida a koma a duba, a ɗauki hoto da kwanan wata. Inda aka yi aiki mu faɗa da babbar murya, mu yaba wa wanda ya yi ko daga wace jam'iyya yake. Inda ba a yi ba mu rubuta takardar neman bayani, mu ajiye kwafi, mu ƙirga kwana 7, sa'an nan mu kai gidan rediyo, domin har yau rediyo ne ya fi kowace na'ura shiga ƙauye.

Sharaɗi guda ne, kuma in muka karya shi aikin ya mutu. Kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, kada kuma mu karɓi ko kuɗin mota daga ɗan takara, na gwamnati ne ko na adawa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za a ce an aiko mu, za a kira iyayenmu a ce su ja mana kunne, wataƙila wani ya rasa alfarmar da yake sa rai. Wannan gaskiya ne, kuma gara mu sani tun yanzu. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma yawancinmu nan da 'yan shekaru mu ne za mu zauna a bayan teburan nan. Abin da muka saba tambaya muna ɗalibai, shi za mu iya amsawa muna ma'aikata.

Malam Shugaba, mun ɗora wannan shawara a gabanka, muna roƙon kafin a tashi a zagaya da takarda kowa ya rubuta sunansa da mazaɓarsa, don mu san mazaɓun da ba su da wakili mu nemo musu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, malamanmu su gyara mana. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon tambaya cikin ladabi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.